Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, amma dajin ɗaya ne

Ran 26 ga watan Maris 2025 aka sa hannu bisa Kundin sake gina ƙasa, wanda ya fito daga babban taron da aka yi a Yamai cikin watan Fabrairu na shekarar. Cikin kundin akwai magana gajeruwa wadda ta ce Hausa ita ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki ne. Sauran harsuna an lissafa su a matsayin harsunan da ake magana da su cikin Nijar. Kafin wannan, dokar ran 31 ga Disamba 2001 ta ba harsuna 10 sunan harsunan ƙasa: Larabci, Budumanci, Fulatanci, Gurmanci, Hausa, Barbarci, Zabarmanci, Buzanci, Tasawak da Tubanci. Faransanci shi kaɗai ne harshen gwamnati a lokacin.

Tun daga ranar, tambayoyi biyu suke yawo cikin kasuwanni, da tashoshin mota, da buro-buron ma'aikata. Ta farko daga bakin Hausawa take fitowa. Ba'adare yana tambaya, Bagobiri yana tambaya, ɗan Damagaram yana tambaya: wace Hausa ke nan? Ta Tawa, ko ta Maraɗi, ko ta Dogon Dutsi, ko wadda ake ji cikin finafinan Kano? Ta biyu daga bakin sauran ƴan ƙasa take fitowa: Bazabarme, da Bafillace, da Buzu, da Babarbare, da Batube suna so su san ina aka aje nasu harshe.

Tambayoyin nan biyu suna da nauyi, kuma ba su cancanci a share su da dariya ba. Dukansu daga wuri ɗaya suka taso, wato son da mutum yake yi wa garinsu da bakin da uwarsa ta yi masa magana da shi. Wannan so dukiya ce in an san yadda za a riƙe shi. In an sake shi ba linzami, yana iya zama ciwo.

Inda alfahari ya samo tushe

Jihohi 8 da aka sani yanzu aikin mulki ne. Amma sunayen da mutane suke kiran kansu da su sun girme su nesa ba kusa ba. Mutumin Illela ko Keita ko Buza in an tambaye shi, cewa zai yi shi Ba'adare ne. Na Matankari zai ce Ba'are ne. Na Filinge zai ce daga Kurfai ya fito. Na Tsibiri zai ambaci Gobir, na Maraɗi ya ambaci Katsina, domin sarakunan Katsina na tsohon gida ne suka zauna Maraɗi wajen 1819, a zamanin Ɗan Kasawa, kamar yadda Gobirawa suka kafa Tsibiri wajen 1836. Ɗan Damagaram kuwa ba ya mance ganuwar Sarki Tanimu, ba ya kuma mance cewa garinsu ne babban birnin Nijar daga 1911 zuwa 1926, kafin a maida mulki Yamai. Mutanen Arewa suna riƙe da labarin Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari rundunar Vule da Shanwan cikin Afrilu 1899.

Waɗannan labaru ba na fada da makaɗa kaɗai ba ne. Ƴan ƙasa masu ilimi sun bi diddiginsu sun rubuta. Andire Salifu ya fid da littafinsa bisa Damagaram cikin 1971. Jibo Hamani ya fid da nasa bisa Adar cikin 1975. Abdullahi Mamani ya rubuta littafin Sarauniya cikin 1980, aka maida shi sinima cikin 1986. Duk wanda ya karanta littattafan nan zai ga abu ɗaya a fili: babu ko ɗaya cikin yankunan nan da ƙabila guda ta gina. Damagaram ta Hausawa ce, ta Barebari ce, ta Buzaye da Fulani ce. Gidan sarautarta ma daga wajen Barno ya samo asali. Adar ba ta da tarihi in an cire Buzaye da sarautar Agadas daga ciki. Arewa ta daɗe tana cuɗanya da Zabarmawa, har akwai Arawa da yawa da Zabarmanci ne bakinsu. Ke nan, mai alfahari da yankinsa yana alfahari ne da gida mai ɗakuna da yawa, ko ya sani ko bai sani ba.

Alfahari cikin labarun yau da kullum

Ba sai an buɗe littafin tarihi ba kafin a ga wannan so. Ya isa a saurari rediyo lokacin kokowar ƙasa. Tun 1975, da aka yi ta farko a Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, babu abin da yake tara kunnen ƴan Nijar wuri ɗaya kamarta. Kowace jiha tana aika ƴan kokowa 10. Kwanakin nan, mai shayi da ma'aikacin buro, da tsohuwa mai ƙosai da ɗan lakwal, duka lissafi ɗaya suke yi: mutum nawa suka rage wa jiharsu ba a kada ba. Filayen kokowa ma sunayen gwanayen gida suke ɗauke da su, Kantu a Maraɗi, Salma Ɗan Rani a Doso, Langa-Langa a Damagaram. Ga kuma darasin da yake cikin abin: ranar ƙarshe, wanda ya ɗauki takobi sarkin kokowar Nijar duka ne. In ya tafi kokowa Dakar ko wani babban birni na Afirka ta yamma, waɗanda ya kada jiya su ne masu yi masa addu'a.

Haka abin yake wajen albarkatun ƙasa. In an ce albasa, sai a ce Galmi. In an ce jar akuya, sai a ce Maraɗi. Madawa tana da kilishi da tabarmi, Mirya tana da tukwane, Damagaram tana da alkaki da aikin dukawa, Matamai da Magarya suna da rake. Difa tana da tattasai, Bilma tana da gishiri da dabino, bakin Isa yana da shinkafa. Cikin 2023 aka yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajista a hukumar Afirka mai kare sunan kaya, domin kada wani ya saida nasa da sunansu. Wannan rajista ba daga sama ta faɗo ba. Manoman da suka ƙi barin irinsu ya gurɓace, da mahautan da suka ƙi rage yaji da ƙuli don neman riba, su ne suka sa sunan ya yi daraja har ya cancanci a kare shi.

An ga irin wannan lokacin da bukin 18 ga Disamba yake zagaya jihohi. Kowane gari ya zaɓi kirarinsa da bakin gida: Doso Soga cikin 2014, Maraɗi Kwalliya cikin 2015, Agadas Sokni cikin 2016, Tawa Sakola cikin 2017, Zinder Sabuwa cikin 2018. Jama'a sun riƙe sunayen nan fiye da yadda suke riƙe dogayen sunayen ayyuka na Faransanci, saboda sun ji nasu ne.

Alfaharin da yake sa a gyara, a tsare, a yi tsere wajen aiki, ƙasa tana bukatarsa. Garin da mutanensa ba su jin kunyar a ce kasuwarsu ta fi ta kowa ƙazanta, ba ya da ranar gyaruwa.

Bakin kowa da daɗinsa

Mai sauraron Muryar Sahel ba ya bukatar a gaya masa daga ina mai karanta labaru ya fito. Kalma biyu sun isa. Wani ya ce yana zuwa, wani ya ce shina zuwa. Wani ya ce suka tafi, wani ya ce sunka tahi. Wani ya ce fari, wani ya ce hwari. Wani ya ce wannan, wani ya ce wanga. Wani ya ƙirga biyar, wani biyat, wani biyal. Wani ya ce ƴarsa, wani ya ce ɗiyatai. Duka Hausa ce, kuma babu wadda ta fi wata asali. Masana harshe sun nuna cewa Hausar yamma, irin ta Adar da Gobir da Arewa, ta riƙe tsofaffin siffofi da yawa waɗanda Hausar Kano ta bari.

Sai dai akwai abin takaici. Ana samun yaro ya baro ƙauyensu ya shiga birni, wata uku bai cika ba ya fara jin kunyar bakin uwarsa. Ana samun matashi ya shiga gidan rediyo, sai ya ɗauki harshen finafinai ya yafa, har da kalmomin Ingilishi waɗanda kakarsa ba ta taɓa ji ba. Ana samun ma'aikaci yana jin Hausa sarai, amma in talaka ya shigo buronsa sai ya juya Faransanci, don a san ya yi lakwal. Waɗannan duka ciwo ɗaya ne, wato rena abin gida. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Hausar Nijar tana da nata kalmomi da tarihinta ya ba ta. Ɗan Nijar yana cewa lakwal, da mushe, da buro, da perefe, da katdante, da kuran, da bik. Maƙwabcinsa na Katsina ko Daura yana cewa ofis, da biro, da lasin. Wancan ya aro daga Ingilishi, wannan ya aro daga Faransanci, kuma kowane harshe mai rai yana aro. Babu dalilin da zai sa a ɗauki aron wani ya zama Hausa mai kyau, aron wani kuwa ya zama kuskure.

Maganar ba ta daɗin baki kaɗai ba ce, akwai inda take shafar aljihu da gona. Ga misali. A wurare da yawa na Nijar, abin da ake matsa mai da shi ana yin ƙuli-ƙuli gujiya ake ce masa. A Kano gyaɗa ake cewa, gujiya kuwa wani abu ne daban. In malamin gona ya kwafo sanarwar shuka ko ta maganin ƙwari daga takardar da aka rubuta wa manoman wani wuri, bai duba ba, yana iya sa manomi ya yi aikin a gonar da ba ita ake nufi ba. Haka hatsi: a nan in an ce hatsi, abin da wasu ke kira gero ake nufi. Haka kuɗi. Takardar gwamnati da tamma take lissafi, kasuwa kuwa da dala da jika. Dala tamma 5 ce, jika tamma 1000 ce, wato dala 200. In an rubuta 25 000 cikin sanarwa, mai karantawa ya ce dubu ashirin da biyar bai ƙara komi ba, tsoho a ƙauye yana iya ɗauka dala ake nufi, ya ninka kuɗin sau biyar. In an ce jika 25, magana ta ƙare. Wanda yake so a gane shi, da mudun mutane yake awo. In tiya suka sani, da tiya za a gaya musu.

Rubutu yana son ƙa'ida ɗaya

To, in kowa yana da gaskiya wajen furuci, yaya za a yi da rubutu? Wannan tambaya ba sabuwa ba ce, kuma magabata sun riga sun share hanya. Tun 1963 aka kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci. Cikin 1966 masana suka taru a Bamako bisa kiran Unesko, suka tsara baƙaƙen rubuta Hausa da wasu harsunan Afirka ta yamma. Bayan taron nan Nijar ta riƙa ninka wasali mai tsawo. Tsofaffin ɗaliban yaƙi da jahilci suna tune da yadda ake rubuta sunayen jaridunsu, Gangaa da Saabon Ra'ayii ta Madawa. Cikin 1973 aka buɗe lakwal ta farko ta gwaji a Damagaram, inda yara suka fara karatu da Hausa kafin su shiga Faransanci. Cikin Janairu 1980 masanan Nijar da na Nijeriya suka zauna a Yamai don daidaita rubutu, daga nan aka bar ninka wasula. Cikin Oktoba 1999 ministan ilimi ya fid da doka wadda ta tsaida ƙa'idar rubutun Hausa a Nijar. Bambancin da ya rage tsakanin ƙasashen biyu ƙanƙane ne, kamar baƙin ƴ da ake rubutawa da lanƙwasa a nan.

Ke nan ƙa'ida tana nan, ba a rasa ta ba. Abin da aka rasa shi ne bin ta. Har yanzu ana ganin alluna bakin hanya, da takardun talla, da saƙonnin waya, an rubuta Hausa da baƙaƙen Faransanci, ana sa ou inda u ya isa, ana sa tch inda c ya isa. Wanda ya kwashe watanni cikin rumfar yaƙi da jahilci yana koyon ƙ da ɗ da ɓ, in ya fito ya tarar da allon asibitin garinsu da wani rubutu daban, me za a ce masa?

Matsayin da ya dace a fili yake. Baƙaƙe da ƙa'idar haɗa kalma da raba ta su zama ɗaya daga Filinge har Gure, domin takardar da aka buga a Yamai ta karantu ko'ina, har ƙetaren iyaka. Amma ƙofar kalmomi a bar ta buɗe. Kalmar da Adar take da ita ta sunan ƙasa da duwatsu, wadda Gobir take da ita ta noma da kiwo, wadda Damagaram take da ita ta fatauci da sarauta, wadda Agadas take da ita ta raƙumi da ayari, duka su shiga ƙamus da littattafan lakwal. Abdu Mijingini ya nuna hanya da ƙaramin ƙamus ɗinsa na Hausa zuwa Faransanci. Aikin yana jiran masu ɗorawa. Rumbu ba ya ƙin hatsi don daga wata gona ya fito.

Akwai kuma sunayen garuruwa. Bature ya rubuta abin da kunnensa ya ji, da baƙaƙen harshensa. Tsibiri ta koma Tibiri, Tasawa ta koma Tessaoua, Gidan Rumji ya koma Guidan Roumdji, Kance ta koma Kantché, Birnin Ƙonni ya rasa ƙ ɗinsa. Takardun mulki suna iya riƙe tsohon rubutu har ranar da hukuma ta ga damar gyarawa. Amma mai karanta labaru da Hausa ba ya da uzurin faɗin sunan gari yadda baƙo yake faɗinsa. Cikin Oktoba 2024 an sake sunayen wasu tituna a Yamai, babban titin da ake kira da sunan Janar Dagol ya koma na Jibo Bakari. In sunan titi ya cancanci wannan kula, sunan gari mai shekaru ɗaruruwa ya fi cancanta.

Inda alfahari yake zama ciwo

So duka so ne, in ji masu magana, amma son kai ya fi. Daga son gida zuwa rena gidan wani taki ɗaya ne. Ana gane an yi takin nan ta hanyar magana tun kafin a gani cikin aiki.

Alama ta farko ita ce yadda ake ba da labarin laifi. In an kama ɓarawo, sunan laifinsa ya isa. Amma sai a ji an ƙara da cewa ɗan jiha kaza ne, ko ɗan ƙabila kaza ne, alhali wannan bai ƙara wa labarin komi ba sai dafi. In makiyayi da manomi sun yi rigima bisa burtali, rigimar mutum biyu ce bisa burtali. Wanda ya maida ta rigimar ƙabilu biyu cikin labari ya zuba wa wuta mai. Yanzu da waya take hannun kowa, saƙon murya guda da aka ɗauka a zaure yana iya kai ƙauye ɗari kafin rana ta faɗi. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Alama ta biyu ita ce lissafin muƙamai. In an naɗa mutum, kafin a tambayi abin da ya iya sai a tambayi garinsu. Ƙasar nan ta ɗanɗana wannan. Bayan taron ƙasa na 1991, an ga zamanin da ake kiran jam'iyyu da sunan jihohi, ana ƙirga ƙuri'a tun ba a jefa ba, ta hanyar duba taswira. An kuma ga abin da jin an ware wani yanki ya jawo a arewacin ƙasa, har sai da aka sa hannu bisa yarjejeniyar zaman lafiya ran 24 ga Afrilu 1995. Waɗanda suka ga wannan da idonsu ba su bukatar a yi musu dogon bayani.

Kakanni sun san wannan ciwo, sun kuma bar maganinsa, wato wasan taubashi. Bagobiri da Bazabarme, Ba'are da Bafillace, Babarbare da Bafillace, Buzu da Bazabarme, kowa yana da wanda zai tsokana ba a yi fushi ba. Cikin 2014 Unesko ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin jerin gadon ƴan Adam. Amma wasan yana da sharaɗi. Ido da ido ake yin sa, wanda aka tsokana yana da bakin ramawa, kuma taubashi ba ya ganin taubashinsa cikin wahala ya wuce. Zagin da ake jefawa cikin waya daga nesa, da sunan ɓoye, ba shi da gado cikin wannan al'ada ko an kira shi wasa.

Nauyin da ya hau kan masu jin Hausa

A nan ne tambaya ta biyu take neman amsa. Ƙidayar 2012 ta sami mutum miliyan 17 da ƴan kai cikin Nijar. Jihohin Damagaram, Maraɗi da Tawa kowace ta haura miliyan 3, su uku sun tara fiye da miliyan 10. Fiye da rabin ƴan ƙasa da Hausa suka buɗe baki, wasu da yawa kuma sun koye ta daga baya. Amma ya kamata a tuna yadda suka koye ta. Babu sojan da ya tilasta musu, babu dokar da ta sa su. Kasuwa ce ta koya musu, da tasha, da auratayya, da makarantar allo, da zaman bariki. Sun ɗauke ta ne domin ta yi musu amfani, kuma ba ta nemi su yar da nasu ba.

Ranar da Bahaushe ya fara ɗaukar ayar kundin nan kamar rawanin da aka naɗa masa shi kaɗai, ranar ce zai fara korar mutane daga harshen da suka shigo da ƙafarsu. Harshen ƙasa na duk ƴan ƙasa ne. Bazabarmen da yake Hausa da karin bakinsa, da Buzun da yake maida namiji mace cikin magana, suna da haƙƙi cikinta daidai da ɗan Tasawa. Wanda ya yi musu dariya ya yi wa harshen ɓarna. Kuma ladabi yana son ramuwa. Bahaushen da ya shekara 20 a Yamai ko Tilaberi bai iya gaisuwa da Zabarmanci ba, ko ya zauna Difa bai iya cinikin tattasai da Barbarci ba, ba ya da bakin yi wa kowa wa'azin haɗin kai.

Wajen ilimi ma haka ne. Abdu Mumuni ya rubuta tun 1964, cikin littafinsa bisa ilimi a Afirka, cewa yaro da harshen gidansu ya kamata ya fara karatu. Wannan hujja ita ce ta buɗe wa Hausa ƙofar lakwal cikin 1973. Hujjar ba ta canza ba in yaron Bafillace ne, ko Batube, ko Bagurme. Wanda ya karɓe ta don ɗansa tilas ya karɓe ta don ɗan maƙwabcinsa. Labaru da sanarwa cikin sauran harsuna a rediyo da talabijin na ƙasa, da gidajen rediyon karkara da suka fara yaɗuwa tun na Bankilare cikin 1999, ba abin ragewa ba ne. Abin ƙarawa ne.

Abin da ake jira daga kowa

Daga ƴan jarida ana jiran abu uku. Su faɗi sunan gari yadda masu garin suke faɗinsa. Su bar ambaton ƙabila ko jihar mai laifi in labarin bai bukace shi ba. Su kuma fita daga babban birnin jiha, domin labarin Maraɗi bai tsaya ga ofishin gwamna ba, akwai Dakwaro da Mayahi da Gazawa, akwai rijiyar da ta rushe da bankin hatsin da mata suka riƙe shekaru ba a ci ba. Ƙauyen da bai taɓa jin sunansa cikin rediyo ba sai ranar da masifa ta faɗa masa, da wuya ya ji ana ƙirga shi cikin ƙasa.

Daga ma'aikata, tun daga gwamna da perefe har zuwa malamin asibiti da malamin daji, ana jiran su yi wa talaka magana da harshen da yake ji, su kuma sa a rubuta alluna da sanarwa bisa ƙa'ida. A kowace gunduma akwai malaman yaƙi da jahilci da suka san wannan aiki, nemansu kaɗai ya rage. Ma'aikacin da aka kai jihar da ba tasa ba, ya ɗauki koyon gaisuwar wurin cikin aikinsa na watan farko.

Daga waɗanda suka fito yaƙi da jahilci ana jiran babban aiki, domin su ne suke da baƙi a hannu, kuma su ne suke zaune kusa da tsofaffi. Kowane ɗaya ya sayi kaye guda. Ya rubuta sunayen gonaki da fadamu da tafkunan garinsu, da sunayen itatuwa da ciyayi, da sunayen irin hatsi da dawa da wake, da karin magana, da labarin wanda ya fara saran garin. Ya rubuta kalma yadda ake faɗinta a wurin, ya sa ma'anarta a gefe. Tsohon da ya san sunan kowace ciyawa ta dajin Adar ba zai dawwama ba, kuma babu masanin jami'a da zai iya zagaya ƙauyuka dubbai shi kaɗai. Daga irin waɗannan kaye ne babban ƙamus na Hausar Nijar zai fito.

Daga uwaye kuma ana jiran kada su tsawata wa yaro don ya ce shina ko sunka. A koya masa yadda ake rubutawa cikin littafi, a bar masa yadda ake faɗi a gida. Yaro yana iya riƙe biyu, har ya ƙara da harshen maƙwabci, da Faransanci, da Ingilishi, da Larabci.

Doka ta ba Hausa suna. Abin da sunan zai zama yana hannun masu magana da ita, cikin buro, da gidan rediyo, da aji, da kasuwa. In suka riƙe ta da ladabi da aiki, sauran ƴan ƙasa za su ci gaba da ɗaukarta tasu kamar yadda suka saba tun kafin a rubuta doka. Ba'adare ya yi ta yabon Adar, ɗan Damagaram ya yi ta yabon Damagaram, Bazabarme ya yi ta yabon Zabarmaganda, babu laifi. Sharaɗin shi ne yabon ya fito da aikin da za a nuna, kuma kada ya bi ta kan mutuncin wani. Allah ya ba ƙasa lafiya da damina mai albarka.